Sawu Ɗaya a Gindin Akwatin Wasiƙa

Kwana huɗu da binne Orval Bruha aka gano an sace masa wasiƙa, kuma kafin a watse daga coci ranar Lahadi gari ya gama yanke wa ɗansa Royce hukunci. Mu a nan mutum ɗari uku ne da 'yan kai, ba mu da kotu ba mu da sinima, to idan abu ya faru sai mu haɗa aikin biyun a ƙofar coci.

Ni aka fara tuhuma, kodayake yanzu kowa ya manta. Sunana Wilma, shekara ashirin da shida ina raba wasiƙu a hanyar arewa, gida arba'in da ɗaya, ban taɓa ɓatar da ko katin gaisuwa ba. Ranar Juma'a Lauya Dunlap ya shigo gidan waya yana share gumi, ya tsaya mini a bakin kanta.

"Wilma, Litinin ɗin makon jiya kin ɗauki wasiƙa a akwatin Orval?"

"Tutar akwatin, wadda ake ɗagawa in akwai wasiƙar tafiya, a kwance take. Na zuba masa nasa na wuce."

"Kin tabbata?"

"Lauya, da ƙeya kake tsammani nake kallon hanya? Jar tuta in tana tsaye tun daga kan tudu nake hango ta."

"Ƙarfe tara na safiyar ranar ya kira ni, ya ce ya sa ta a akwati, ya ɗaga tuta. Yanzun nan na yi waya da kamfanin da ke riƙe da asusun ritayarsa, sun ce ba abin da ya iso musu."

Ba sai ya yi mini dogon bayani ba, duk wanda ya kai shekaruna ya san yadda abin yake. Kuɗin ritaya ba ya bin wasiyya. Ko shafi ɗari ka rubuta, kamfani sunan da ke kan takardarsu kawai suke kallo. Sunan da ke kan ta Orval kuwa na Royce ne, tun shekarar da matarsa ta rasu, lokacin Royce yana yaron kirki. Tunanin uban shi ne Royce ne zai riƙe ƙanwarsa. Ƙanwar ita ce Patsy, shekararta arba'in da ɗaya, jiki ya girma hankali ya tsaya a na 'yar shekara bakwai. Sai Royce ya tafi birni, ya yi aure biyu ya saki biyu, ya kama kwalba. Orval kuma ya yi ta cewa gobe zai canja sunan har shekara ashirin, irin na mazan garin nan da ke ganin mutuwa sai ta nemi izininsu.

A ƙarshe dai ya je aka kafa amana. Kuɗin ba zai shiga hannun Patsy ba, ba zai shiga na Royce ba. Zai zauna ƙarƙashin mai riƙo yana fita kaɗan-kaɗan, a biya mai kula da ita, a ɗuma mata gida da sanyi, ta ƙare rayuwarta a ɗakin da ta sani. Mai riƙon da ya zaɓa Verna ce, ƙanwar shi Orval ɗin. Abin da ya rage kawai sabuwar takarda ta isa kamfani yana da rai. Ya sa ta a akwati Litinin, Alhamis zuciyarsa ta tsaya yana ɗaure igiyar takalmi.

"To yanzu fa?" na ce.

"Tsohuwar takarda ce ke aiki, komai na Royce ne." Lauya ya rage murya. "Sai dai in an tabbatar shi mai cin ribar ne ya sace ta. Nan alƙali zai iya ƙwacewa ya mayar wa amana. In wani ne, ko ɓata ta yi, shi ke nan. Gidan na Patsy ne, amma gida ba ya ciyar da kansa. Sai dai a kai ta gidan kula da naƙasassu."

*

Litinin da safe na je na ɗauko Elmo Birdsall. Shekara arba'in ya yi yana bin sawun shanun sata, yanzu ƙugu ya lalace amma idon na nan. Ba wani shiri muke da shi ba, mutum ne da za ka yi masa magana goma ya ba ka "uhm" ɗaya. Kafin ya shiga motata sai da ya ɗaga kujeru, ya zura hannu ƙarƙashin tabarma.

"Kai tsoho, ni kake bincike?"

"Ke kika ɗauko ni."

Akwatin Orval yana bakin titi, taku goma gaba da mashigar gidan. Sa'armu ɗaya, an yi ruwa a daren da gari ya waye Orval ya sa wasiƙar, tun daga nan kuma ko ɗigo, sai lakar wurin ta bushe ta ƙame kamar tukunya. Elmo ya sa na tsaya nesa. Ya yi rabin awa yana zagaye, ya tsuguna, ya tashi da ƙyar, ya sake tsugunawa.

"Ga Orval, zuwa da komawa," ya ce, yana nuna sawun takalmi da ramukan sanda. "Ga Patsy, da rana ta zo, laka ta fara shan iska. Ga tayarki. Waɗannan manyan tayoyin a mashiga, shiga da fita, akori-kura ce."

"Ta Royce! Ka gani ko?"

"Uhm."

Ya gangara kwalbati ya tsinto wani tsohon kwanon abincin shanu da ya yi tsatsa, ya kife shi a gindin sandar akwatin, ya ɗora dutse a kai.

"Me ka rufe?"

"Ƙasa."

*

Royce yana masaukin bakin gari. Tun ranar jana'iza ba wanda ya ce masa zo ka ci abinci. Mun same shi zaune a bayan akori-kurarsa yana cin wake daga gwangwani.

"A'a, an turo mini karen farauta," ya ce. "Har da mai wasiƙa. Wilma, ke ma kin zo kallon ɓarawo?"

"Na san ɓarawon tun yana gajeren wando," na ce.

Elmo ya jingina da motar. "Ka je gidan ranar Litinin?"

"Na je, tara da rabi. Ganin uba ya zama laifi?"

"Kun yi faɗa?"

"Faɗa ai sai da mutum biyu, tsoho. Shi kaɗai ya yi magana. Ya ce ya cire sunana, har ya nuna mini akwatin da sanda ta taga, ya ce ga ta can tana jiran Wilma. Na ce Allah ya ba da sa'a, na fito."

"Tutar fa?"

"Tana tsaye na wuce ta, ƙarfe goma. Na zuge gilashi na tofa mata yawu. In kana son wannan sawun ma je ka nema."

Elmo ya daɗe yana kallon takalman Royce, manya kamar kwale-kwale. Sannan ya ɗaga sandarsa ya auna tsayin tagar motar daga ƙasa, ya ce mu tafi.

A hanya na kasa haƙuri. "Da bakinsa ya amsa! Ya san takardar na ciki, ya wuce ta wurin, awa guda bayansa na zo tuta a kwance. Me kuma ake jira?"

"Motarsa ta yi tsayi," in ji Elmo. "In zai kai hannu akwatin sai ya sauko."

"To ya sauko mana."

Ya mayar da idonsa kan hanya.

*

Verna ce ta buɗe mana ƙofar gidan Orval. Duk gari Gwaggo muke ce mata, har waɗanda suka girme ta. Shekararta sittin da shida, ba ta taɓa aure ba. Ta yi jinyar uwarsu shekara tara, ta yi ta ubansu shekara huɗu, ta yi ta matar Orval, daga nan ta gaji Patsy. Kullum goma da rabi take isowa daga ɗakinta na cikin gari. Fasto ba ya wa'azin haƙuri bai kawo sunanta ba, mu kuma mu gyaɗa kai mu koma gidajenmu mu miƙe ƙafa.

Muka tuɓe takalma a bakin ƙofa, don dokarta ke nan. Patsy ta rugo ta rungume ni.

"Wilma! Akwai tawa?"

"Yau babu, 'yar gida. Sai gobe."

Ɗauko wasiƙa bayan abincin rana aikin Patsy ne, tana kuma da gwangwanin biskit da take tara takardun talla. Elmo ya roƙa ta nuna masa.

"Kada ka taɓa masu hoton doki," ta ce.

Ya duba ɗaya bayan ɗaya, babu ambulan. Yana rufewa ta matso kusa da kunnensa, da raɗar da ake ji har tsakar gida.

"Baba ya yi wasiƙa saboda ni. Ya ce in ta isa zan zauna a ɗakina har in tsufa."

Verna ta ajiye mana kofi da kek ɗin tuffa. Elmo ya tambaye ta ranar Litinin.

"Ranar na makara, sai bayan sha biyu na iso. Ƙafar nan ce ta hana ni."

"Kin lura da tuta?"

"Ni ba ruwana da akwatin, aikin Patsy ne."

"Gwaggo, faɗi gaskiya," na ce, "Royce ne ko ba shi ba?"

Ta ɗauki tsumma tana goge teburin da ba abin da ya zuba a kai. "Ni dai ban ce shi ba ne."

Na ce a raina, ji baiwar Allah, ko ɓarawo ba ta iya zagi. Da za mu fita Elmo ya ɓata lokaci wajen sa takalmi, har hularsa ta faɗi cikin takalman bakin ƙofa, ya sunkuya yana lalube. Na tsaya ina tsaki.

*

Ya ce in tsaya a akwatin. Ya ture dutsen da sanda, ya ɗage kwanon.

Sawu ɗaya ne tak, ƙafar hagu, ƙaramin takalmin mata marar dunduniya. Ta gefen babban yatsa sawun ya bultso waje, inda aka tsaga fatar takalmin, ƙashin ya danna laka.

"Ya taka ramin sandar Orval," in ji Elmo. "Tayarki kuma ta yanke masa dunduniya. Bayansa, kafin ke. Ƙaramar mota ce daga gari, ta tsallako hannun da ba nata ba don tagar direba ta zo daidai akwati. Hannu bai kai ba, aka buɗe ƙofa aka sauke ƙafa ɗaya. Daga nan ta juya a mashiga ta koma."

Ba sai ya faɗi suna ba. Babu wanda bai san Verna tana tsaga takalminta na hagu da reza ba saboda kumburin yatsa, shekara goma muna gani a coci.

"Elmo, wa ya ga wannan bayan ni da kai?"

"Babu."

"To ka ji. In Royce ne, alƙali zai ƙwace, yarinyar nan ta zauna a gidanta. In Gwaggo ce, an gama da Patsy. Ya amsa ya zo, ya amsa ya sani, gari kaf zai yi rantsuwa a kansa. Ba ƙarya na ce ka yi ba, shiru kawai, abin da ka fi kowa iyawa."

"Satar wasiƙa ɗauri ne, Wilma. Bai ɗauka ba."

"Ai ya yi wasu abubuwan da ba a ɗaure shi ba!"

"Ba su kika ce in bi ba."

Na ɗaga ƙafata a kan sawun. Na rantse niyyata in murƙushe shi.

"Taka," ya ce. "Na riga na gani."

Ban taka ba, kuma har yau ban san ko don tsoron Allah ba ne ko don na san ba zai yi amfani ba.

*

Ranar Laraba da la'asar muka taru a kicin ɗin Orval, ni da Elmo da Lauya da Royce da Verna. An kunna wa Patsy talabijin a falo. Royce ya ƙi zama, ya tsaya jikin firji ya harɗe hannu.

Elmo bai yi dogon zance ba. Ya faɗi sawun Orval, ya ce tayar Royce ba ta matso akwatin ba, takalminsa kuma bai taɓa lakar ba. Ya ce motata tsaf take, gwangwanin Patsy ma haka. Sannan ya je bakin ƙofa ya ɗauko takalmin hagu mai tsaga ya ajiye a kan tebur.

"Sauke mini takalmi daga tebur, a nan ake cin abinci," in ji Verna.

Ya sauke. Ta jawo jakar hannunta, ta zuge wani aljihu na ciki, ta fito da farin ambulan. Ba a buɗe shi ba, ga kan sarki a manne, ga rubutun Orval mai karkata.

"Gwaggo," Royce ya ce. "Ke?"

"Ranar Juma'a Yaya ya dawo daga wurin lauya yana fara'a," ta ce, idonta a kan ambulan ɗin. "Ya ce, 'Verna, na sa sunanki, ke ce mai riƙo,' kamar wanda ya sayo mini riga. Bai tambaye ni ba. Mama ma ba ta tambaye ni ba, Baba bai tambaya ba, kowa dai ya kwanta sai a ce a kira Verna. Likita ya ce Patsy za ta iya ƙara shekara ashirin da biyar. Ina sonta, Allah ya sani, amma na gaji. Na zo na ga tuta a tsaye, na ce bari in riƙe ta kwana biyu, in samu bakin yi masa magana ya sa wani. Na koma bakin rafi na zauna a mota har sha biyu. Litinin ban iya faɗa ba, Talata ban iya ba. Laraba na ce gobe."

Lauya ya cire tabarau ya dafe goshi. "Haba Gwaggo! Ai sunanki ba ya cikin ambulan ɗin nan, sunan amanar ne kawai. Naki yana ofishina. Da kin ce ba kya so, layi ɗaya zan goge in sa wani. Ko bayan rasuwarsa kina da ikon ki ƙi."

Ta ɗago ta dube shi kamar da wani yare ya yi magana.

"Ana iya ƙi?" ta ce. "Ba wanda ya taɓa gaya mini."

Daga falo ana jin ƙarar talabijin da dariyar Patsy.

"Kika bari ana kirana ɓarawo," in ji Royce. "Kina zaune a coci kina ji."

"Na bari."

Lauya ya yi gyaran murya. Ya ce takardar nan ta mutu tare da mai ita, saura hanya ɗaya. In Royce ya yarda ya sa hannu ya saki, za a iya tura kuɗin inda ubansa ya so.

Royce ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya fi daɗewa a kaina.

"Na binne ubana, ko kwanon miya ba wanda ya miƙo mini. Matar masauki ta ƙirga tawul a gabana. Wilma ta san ɓarawo tun yana gajeren wando. Yanzu kuma an ce Royce yaron kirki, zo ka sa hannu." Ya yi wata dariya marar daɗi. "In na saki wa zai riƙe ta a nan? Ke, Wilma? Ko fasto? Gwaggo za ku sake kira, kuma za ta zo. Gidan nan ya cinye ta, ni ba zai cinye ni ba. Zan nema wa Patsy wuri a birni kusa da ni, in biya."

"Ba ta taɓa kwana a wani ɗaki ba," na ce.

"Za ta koya."

Na buɗe baki in ce ya yafe mini. Wataƙila da na faɗa da wani abu ya canja, wataƙila a'a. Girman kai ya hana ni, Royce ya ɗauki hularsa ya fita. Lauya ya tattara jakarsa ya bar ambulan ɗin a kan tebur, don ba shi da abin yi da shi.

*

Doka ta ce in kai rahoton satar, ban kai ba. Ba tausayin Verna ba ne, wani dai zai dafa wa Patsy abinci kafin a zo ɗaukarta. Ta kuwa ci gaba da zuwa goma da rabi, sati shida cur. Fasto ya daina kawo sunanta, matan coci suka daina zama kusa da ita, ba kuma wadda ta ce bari in karɓe ta ko yini ɗaya. Ni ma ban ce ba. Elmo kuwa in mun haɗu a shago ya taɓa hula, ni in kau da kai. Gaskiya ya faɗa, na sani, abin da ya sa na kasa yafe masa ke nan.

Ranar Litinin da Royce ya zo tafiya da ita, ina hawowa tudu na hango jar tuta a tsaye a akwatin Orval. Patsy na gindinsa cikin rigar sanyinta ta zuwa coci, ta rungume gwangwanin biskit. Can bayanta a ƙofar gida Royce da wani mutum suna ɗora gadonta a akori-kura.

Na tsaya na buɗe akwatin. Farin ambulan ne, gefensa ya ɗan yi dauɗa.

"Ta Baba ce," in ji Patsy. "Na same ta a kan tebur na ɓoye. Yau na sa, na ɗaga tuta, na tsaya na tsare don kada a kwantar."

"Kin kyauta, 'yar gida."

"Yaushe za ta isa?"

"Kwana uku."

"To ki gaya wa Yaya Royce ya sauke gadon, kwana uku ne kawai."

Na kwantar da tutar na ja mota, ban iya duba madubi ba. A gidan waya na buga mata hatimi da hannuna na jefa ta a buhun birni. Ta isa ranar Alhamis a kan lokaci, kamar kowace wasiƙa da na taɓa ɗauka.